Yawon kiɗa ƙasa-ƙasa: hutu ne ko wahala?

Sadik: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana, babu wanda ya kai masu kiɗan rok ɗin nan morewa, yawonsu hutu ne kawai. Tun da Metallica suka zo Riyad a Disambar 2023 wajen bikin Soundstorm abin ke raina, mutum ya hau dandamali ya kaɗa jita awa biyu ya sauko, gobe yana wata ƙasa, otal kyauta abinci kyauta, mu kuwa daga shago sai ɗaki

Kawu Isa: Sadik ɗana, ka taɓa kwana uku a jere a mota? Shekara 19 ina jan tirela tsakanin Jidda da Riyad, kusan kilomita 950 ne, na san abin da hanya ke yi wa jiki. Barcin mota ba ya sakin ƙashi. Abinci kuwa abin da ka tarar a gidan mai shi za ka ci ko ya kwana. Su ma a bas suke kwana suna tafe, su farka ba su san sunan garin ba

Sadik: Kawu ai bas ɗinsu ba irin tirelarka ba ce, da gado da firji da komai a ciki

Maryam: Yaya Sadik a gadon bas ɗin fa mutumin Metallica ɗin da kake yabo ya rasu. Cliff Burton, shekararsa 24, yana barci motarsu ta kife a Suwidin a 1986 tsakiyar yawon wasa. Ka duba ka gani

Sadik: Wannan ƙaddara ce Maryam, hatsari ko a hanyar Ɗa'if ana yi. Kuma manyan yanzu jirgi suke hawa

Hamza: To manyan su nawa ne? Ni na yi aikin haɗa dandamali a nan Riyad ta wani kamfani, wallahi abin da na gani ya ishe ni. Awa biyun da kake gani, bayanta akwai mutanen da suka kwana suna sauke akwatunan sifika, masu jan waya, masu ɗaura fitilu a sama, su ne farkon zuwa su ne ƙarshen tafiya, ana tashi wasa ƙarfe ɗaya na dare su fara kwancewa su loda don gari na gaba. Akwai wani bature mai haɗa sauti da muka sha shayi tare, ya nuna min hoton 'yarsa a waya ya ce wata huɗu rabonsa da ita, idonsa ya yi ja yana faɗa. Har yau ina tuna fuskarsa. Kuma wannan babbar ƙungiya ce mai kuɗi. Ƙananan su biyar su shida suke cusuwa a mota ɗaya da kayan kiɗansu, a cire kuɗin biza, mai, masauki, kason manaja, wani lokacin rigunan da suka sayar a bakin ƙofa ne ribarsu

Maryam: Ga ma na kusa da mu, Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar. Shi da ƙungiyarsa suna Amurka suna wasa aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyaka da sararin sama, suka maƙale can iyalai na gida, sai da masoyansu suka haɗa musu kuɗin zama

Hajiya Zainab: Ku dakata 'ya'yana, kun taru a kan yaron nan. Hutu kam ba hutu ba ne Sadik, nan ka yi kuskure. Amma ni da na tashi a Sudan ba zan ce yawon banza ba ne. A'isha Falatiya tamu ce, jinin Hausawa, ta shiga rediyon Omdurman a 1942 lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi waƙa a fili, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu ta bi sansanonin sojoji tana musu waƙa. Ta sha wuya ta sha gori, amma fitar nan ce ta sa har yau iyayenmu ke kiran sunanta da alfahari. Abin da ke damuna ni shi ne sallah a kan lokaci da iyalin da ake bari, mijina ya yi shekaru yana tafiye-tafiyen fatauci, na san zaman jira

Sadik: Na ji Hajiya, na janye kalmar hutu. Amma gaskiya ko da wahalar, in aka ce in bi su wata shida in ga duniya zan je, zaman wuri ɗaya ma yana cin rai

Hamza: Wannan kuma na yarda da kai

Kawu Isa: To Alhamis ina da lodi zuwa Dammam, zan biyo ta Riyad. Ka nemi izini wajen mai shagonku ka riƙo iƙamarka, katin zamanka na Saudiyya, mu je mu dawo tare, bayan la'asar zan kira ka