Jinyar Hajiya: a ɗauko mai taimako, ko abin kunya ne?

Auta: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da dogon saƙo da tsakar dare. Yau wata huɗu da sallamo Hajiya, tun ranar da likita ya ce ciwon ya kai ƙashi, abin da ya rage a sauƙaƙa mata raɗaɗi a gida. Nas ɗin da aka haɗa mu da ita tana zuwa ran Talata, ta wanke gyambon, ta duba magani, ta tafi. Sauran kwanakin da dararensu ni ce. Jiya wajen ƙarfe uku na zo juya ta, ƙafata ta zame a kan ledar shimfiɗa, saura kaɗan mu faɗo tare. Ina roƙon a nemo mace mai hankali da za ta riƙa kwana da ita, mu biya ta. Ni in riƙe rana.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lada, Auta. Amma maganar bare ban yarda da ita ba. Mu bakwai Hajiya ta haifa, duk muna raye. A ce 'yar haya ce ke wanke mata jiki? Wannan ɗabi'ar Turawa ce, masu kai iyaye gidan tsofaffi su manta. Duk wanda ya biya kuɗi a yi masa jinyar uwarsa ya sayar da ladansa, ya kuma ja wa gidansu abin faɗa.

Kawu: Babba ya yi gaskiya. Ku buɗe suratul Isra'i, aya ta 23. Allah ya ce idan tsufa ya riski ɗayansu ko su biyun "a wurinka". A wurinka aka ce. Lokacin da take wanke muku kashi, wa ta ɗauka haya?

Gwaggo: Malam, a nan kam zan yi maka gyara, don ina gidan. Lokacin da ta haifi 'yan biyu, wata uku na yi a ɗakinta, ga 'yar raino da aka kawo daga ƙauye, ga kishiyarta da ke yi mata girki. Ba ita kaɗai ta yi ba. Gidan da muka tashi mata goma ne a tsakar gida, in tsohuwa ta kwanta wannan ta ɗaga, wancan ta dama kunu, ba wanda ya san ya yi jinya. Yanzu kowa ya gina nasa ya sa get. Kuna son jinya irin ta da, amma gida irin na da ya watse.

Baban Amira: Ni dai duk wata ina turo nawa.

Auta: Ban ce ba ka turowa ba, Yaya. Alat ba ya juya mara lafiya.

Anti Nas: Salam. Yanzu na sauka daga aiki na ga saƙonni. Yaya Babba, ka ba ni dama in gyara abu ɗaya, tunda a nan Ingila aikin da nake ci da shi ke nan. Gidan tsofaffi daban, hosfis daban. Hosfis kulawa ce ga wanda magani ya daina warkar da shi, kuma mafi yawan aikinmu a gidajen mutane muke yin sa. Wadda ta assasa shi a wannan zamani, Cicely Saunders, nas ce da ta koma ta karanta likitanci, ta buɗe hosfis ɗin St Christopher's a Landan a 1967. Abin da ta tsaya a kai shi ne ciwon mai jiran ajali ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, akwai na imani, akwai na damuwa da iyali, don haka iyalin ma ana kula da su. To ga abin da mutane ba su sani ba: ko a nan, nas ba ta tarewa a gidan. Ta zo ta yi awa ɗaya ta tafi. Sauran awa 23 'ya ce ko mata ko miji. Shi ya sa ƙungiyar Marie Curie ke tura masu kwana, su zauna da mara lafiya dare guda don mai jinya ta samu barci. A Amurka ma tsarin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya yarda a kwantar da mara lafiya a wurin jinya har kwana 5 don kawai iyali su huta. Ba don sun ƙi iyayensu ba, don an ga mai jinya tana faɗuwa kafin wanda take jinya.

Yaya Babba: Can ƙasar da ba zumunci dole su yi haka. Mu muna da dangi.

Anti Nas: To ina dangin, Yaya? Mu 31 ne a wannan zauren. A ɗaga hannu, wa ya kwana a ɗakin Hajiya a watan nan?

Maman Walid: Ni na ce zan zo in yi sati, Hajiya ce ta ce in yi zamana saboda makarantar yara.

Auta: Gaskiya ne, ta faɗa. Zan zo kan dalilin.

Kawu: 'Yata, ban musa miki abin da kika gani a can ba. Abin da nake tsoro na gan shi da idona a nan garin. Wani attajiri a unguwarmu, ba sai na kama suna ba, 'ya'yansa suka ɗaukar masa yaro mai kula da shi. Watan farko kullum suna hanya. Wata na uku sai waya: "Ya jikin Baba? Ya ci abinci?" Ranar da rai ya yi halinsa, yaron nan ne kaɗai a kansa, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ya rufe masa ido, sannan ya bi 'ya'yan da waya ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka wa yaron. Amma da zarar an samu wanda ake biya, ƙafa takan ɗauke, zuciya ta ce ai na sauke nauyi. Wannan nake gudu, ba kuɗin ba.

Gwaggo: Wannan kam haka ne. Na san gidan.

Anti Nas: Baba, wannan maganar taku ba ni da amsarta, don a nan ma ina ganin haka. Sai dai ku duba, a namu gidan ƙafar ta riga ta ɗauke tun ba a ɗauki kowa ba. Auta ce 'yar hayar, kawai dai ba a biyan ta.

Baban Amira: Ni wani abu ne ma ke damuna. Maganin nan da ake ba ta, mofin. Wani abokina a Kwari ya ce shi ne ke ƙarasa mutum, kuma ɗan'uwan su kodin ne da gwamnati ta hana. In aka bar shi a hannun baƙuwa fa? Ko ta ƙara mata don ta yi barci ta huta, ko ta fita da shi.

Anti Nas: Rabin maganar abokinka gaskiya ce. Danginsu ɗaya, kuma a 2018 an hana maganin tari mai kodin a Najeriya saboda shaye-shaye. Amma mofin da likita ya auna wa mai ciwon daji, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan daidai da zafin ciwo, ba shi ke kashewa ba. Illarsa da za ku fi gani ita ce taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗa shi da mai sassauta ciki. A Yuganda Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a 1993 da mofin na ruwa mai arha da ake kai wa mutane har gida, daga baya a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Mu a Najeriya sai 2007 aka buɗe sashen irin wannan kulawa a asibitin koyarwa na Ibadan. Batun baƙuwa kuwa, kwalba ta zauna a kulle, makulli a hannun Auta. Ta auna na dare ta ajiye, a rubuta lokaci da adadi a littafi, nas ta duba ran Talata. Haka muke yi a nan, ko 'yar cikinsa ce ke ba shi.

Baban Amira: To na ji wannan.

Yaya Babba: Duk wannan bayanin asibiti ne. Ni maganar lada nake yi da mutuncin gida. Gobe a wurin zaman makoki a riƙa nuna mu, ga waɗanda suka kasa jinyar uwarsu.

Gwaggo: Masu nunin su zo su kwana ɗaya tukuna.

Auta: Yaya, bari in gaya maka yadda dare yake, don in ka zo da rana kakan same ta an yi mata wanka, an sa turaren wuta, tana jan carbi. Duk awa biyu sai an juya ta, in ba haka ba gyambon ƙugunta ya ƙara buɗewa. Ba a ja, ɗagawa ake yi da zani, mutum biyu ya kamata, ni kaɗai nake yi, ina tokare gwiwa da gado. Duk awa huɗu magani. Tsakani a sauya pampas, a zubar da jakar fitsari, a shafa mata mai a diddige, a jiƙa auduga a goga mata a leɓe don ba ta iya kurɓar ruwa sosai. Cokali uku na kunu sai mu yi rabin awa. Da asuba in kawo mata dutsen taimama, in karkata ta gabas. Ranar Laraba na ba ta maganin ƙarfe biyu, na zauna a bakin gado, can na farka ban san ko na ba ta ko mafarki na yi ba. Na zauna ina kallon kwalbar ina kuka, in ƙara ko kar in ƙara. Kuma rannan ta kira ni sau uku a jere, na ce mata "Hajiya don Allah mene ne kuma?" da ƙarfi. Ta yi shiru ta juya fuska bango. Kawu, ayar da kuka kawo, ci gabanta cewa ta yi kada a ce musu ko "uf". Ni na riga na faɗa. Rashin barci ne ya sa ni, kuma in aka ci gaba a haka zan sake.

Gwaggo: Wayyo 'yar nan. Allah ya yi miki albarka.

Kawu: Innalillahi. Ban san abin ya kai haka ba. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma in don halacci ne, Babba, ba zan ce haram ba ne. A Baƙara aya ta 233 an yarda a ba da jariri shayarwa a biya, Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Da aka ji wa Sa'adu bn Mu'azu rauni a yaƙin Handaƙ, a tantin Rufaida aka ajiye shi a masallaci tana jinyarsa, don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Ka ga an ba wa mai iyawa, kuma ba a daina zuwa ba. Na janye rabin maganata. Rabin da ya shafi ɗauke ƙafa yana nan.

Anti Nas: Tunda an shiga tarihi, Baba, ku ƙara musu da Sayyidina Usmanu. Bai je Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, aka ba shi rabo da ladan wanda ya je. Namiji ne fa. A gidan nan maza huɗu, an bar ladan duka wa Auta, sannan ana tsoron kada ta sayar.

Yaya Babba: To shi ke nan, ni zan ɗauki hutu in zo in riƙa kwana da ita da kaina. Ba sai an kawo kowa ba.

Auta: Ba za ta yarda ba, Yaya, kuma ka sani. Kai ne ɗan fari. Shekara hamsin da ɗoriya ba ta taɓa kiran sunanka ba, in ka shigo ɗaki mayafi take ja. Kai za ka sauya mata pampas? Dalilin da ya sa ta hana Maman Walid zuwa ke nan ma, ta ce surukarta ba za ta ga tsiraicinta ba. Ni kaina sai ta rufe ido nake yi. Kuma tunda aka fara wannan magana ba wanda ya tambayi me ita take so. Ni na tambaye ta da la'asar.

Gwaggo: Me ta ce?

Auta: Ta ce in za a kawo, kada a kawo yarinya. A kawo babbar mace mai sallah, wadda ba ta da surutu. Har ta ambaci bazawarar nan ta bayan masallaci da ta yi jinyar mijinta shekara biyu. Ta ce gara wadda za a biya ta tafi gidanta, da 'yarta ta riƙa ganin abin da ba za ta manta ba. Sannan ta ce a gaya wa "mai sunan Malam" ya zo ya riƙa yi mata karatu, muryarsa irin ta babansa ce.

Anti Nas: Matar ta yi. Amma a biya ta da mutunci, kada a ce ai taimako ne a riƙa ba ta na goro. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar dubu 70 ne tun 2024, aikin dare kuma ya fi na ofis wuya. A ba ta dare ɗaya na hutu a mako. Ta zo ran Talata nas ta nuna mata juyi da wankin gyambo da hannunta, ni kuma zan kira ta bidiyo.

Baban Amira: Ni zan ɗauki rabi. Daren hutun nata kuma wa zai kwana?

Gwaggo: Ni. Ƙafa ce ke damuna, ba ido ba. Zan iya tashin Auta in lokacin juyi ya yi.

Kawu: Sharaɗina ɗaya. A rubuta jadawalin zuwa a nan zauren, kowa da ranarsa, wanda ya saɓa in kira shi da kaina. Babba, kana ji?

Yaya Babba: Ina ji, Kawu. Har yanzu raina bai kwanta da bare a ɗakin Hajiya ba, ba zan ɓoye ba. A gwada wata ɗaya mu gani. Zan taho Juma'a bayan masallaci. Auta, wace sura ta fi so?

Auta: Yasin da Tabara. Ka taho da man zaitun babbar kwalba, namu ya kusa ƙarewa. Bari in je, biyu ta yi, lokacin juyi ne.