Na saki tarwada mai ƙwai, abokina ya ce biyu babu na yi

Mai_Fatsa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina fatsa ranakun hutu. Ba sana'ata ba ce, natsuwar bakin ruwa kawai nake nema. Asabar ɗin da ta wuce wata tarwada ta fizgi igiyata har sanda ta lanƙwashe. Da na fito da ita, tsawonta ya kai daga kafaɗata zuwa yatsu, ciki a kumbure. Ina ɗan taɓawa sai ga ƙwai kore-kore suna fitowa. Nan take na ji ba zan iya tafiya da ita ba.

Sai dai ta haɗiye ƙugiyar can ciki. Na yi ta kiciniyar cirowa da filaya har jini ya ɓata mini hannu, sannan na mayar da ita. Ta yi lamo a gefe, can ta nutse. Abokin tafiyata ya ce kifin da ya yi jini mutuwa zai yi, ban ci ba kuma ban cece ta ba. Har yau abin na damuna. Daidai na yi kuwa?

Tsohon_Masunci:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sakin daidai ne, cirowar ce kuskure. In kifi ya haɗiye ƙugiya, yanke igiyar dab da bakinsa ka bar ta a ciki. Sau da yawa yakan fitar da ita da kansa, amma maƙogwaron da aka yage da wuya ya warke. Ka kuma riƙa jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, domin yauƙin nan na jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. Kada ka shimfiɗa shi kan yashi mai zafi.

Kar ka fid da rai. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa ta fi karfasa da giwan ruwa jure zama a waje. Kuma babbar uwa irin wannan ƙwanta ya ninka na ƙanana sau da yawa, ita ce ta fi cancantar komawa ruwa. Ni ƙayar ƙugiyata ma matse ta nake yi da filaya tun kafin in sa tana.

Abu_Safiyya:

Baba, a gafarce ni, ni fa ban gamsu da kama-saki ba. Ka huda bakin halitta, ka wahalar da ita, don hoto kawai? A Jamus dokar kare dabbobi ta hana a cutar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma kifi na ciki. Suwizalan ma tun 2008 ta haramta fita fatsa da niyyar sakin abin da aka kama. Ni in na samu matsakaita biyu ko uku sai in naɗe igiyata in tafi gida. Masu ƙarar da kifi su ne masu taru mai ƙananan idanu da masu zuba guba a ruwa.

Ummu_Hanan:

Malam Abu, ban ƙi ta taka ba, amma mu ma muna da namu. Igiyar roba nawa muke bari a bakin ruwa? Na taɓa kwance wani tsuntsu da ta naɗe masa ƙafa har ta shige nama. A Ingila sai da aka hana ƙananan dalmar fatsa a 1987, saboda manyan tsuntsayen ruwa masu dogon wuya suna haɗiyarta suna mutuwa. A Amurka kuwa tun 1950 akwai dokar da ke tura harajin kayan fatsa wajen gyara ruwaye da kula da kifi, wato mai fatsa da kansa ke biya.

Mai_Fatsa:

Na gode ƙwarai. Baba, na matse ƙayar ƙugiyoyina duka daren jiya, na kuma jefa ƙaramin almakashi a jaka. Saura tambaya ɗaya: ƙugiyar nan mai zagaye da ake cewa a gefen baki take kamawa, tana aiki da tana kuwa?