Jiri da kasala sun dame ni, in sayi maganin ƙarin jini ne?

Maman 'yan biyu, Anguwan Rogo:
Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Tunda na yaye yaran nan kullum jikina a mace, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, ɗan tudun layinmu ma sai na tsaya ina haki, kuma duk sanyin Jos ɗin nan ni ƙanƙara nake marmarin taunawa. Maƙwabciyata ta ce in sayi tonik a kemis ko in dinga haɗa malt da madarar gwangwani. Ya kuka gani?

Anti Nas:
Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Marmarin ƙanƙara ko cin ƙasa yana yawan zuwa da ƙarancin sinadarin ayon, amma kar ki fara shan komai sai an auna jininki, ki je asibiti a yi miki PCV, wato awon yawan jini, a duba maleriya da tsutsar ciki, in al'adarki na zuba da yawa ki faɗa wa likita kar ki ji kunya, don in ba a toshe inda jinin ke tafiya ba ko kwalba nawa kika sha a banza. Malt da madara kuwa ba sa ƙara jini, madara ma rage shigar ayon take yi. In an ba ki ƙwayar ayon, bayan gida zai yi baƙi, ba matsala ba ce. Ki ɓoye ta nesa da yara, tana iya kashe yaro in ya haɗiye da yawa.

Ɗan Rikkos:
Gaskiya Anti ta gama magana. Abin da zan ƙara, mu mutanen Jos shayi ne ke cutarmu, ana cin abinci ana korawa da shi, alhali yana hana jiki jan ayon. Ki ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu, ki sha lemon zaƙi a madadinsa. Hanta, wake, alayyahu da zogale, ga su nan a Farin Gada.

Hajiya Babba:
'Yata, in akwai mai sikila a gidan kar a ba shi maganin ayon sai likita ya ce. Mai ciki kuma ayon da folik asid ne nata, banda bitamin A mai ƙarfi, yana illa ga jariri. Duk abin da za ki saya ki duba lambar NAFDAC.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan je awon. Anti, sai na je ban karya ba ko zan iya cin abinci?

Anti Nas:
Ci abinki, PCV ba ya buƙatar azumi.