Dan Allah a taimaka, awa nawa ne daga Landan zuwa New York?

Mai tambaya: Salam jama'a, kaina ya kulle wallahi. Mamanmu ce za ta je wajen ƙanwata da ta haihu, haihuwar fari, ta sha wahala har aiki aka yi mata, mijin kullum yana wajen aiki, shi ne muka yi ta fama da biza har Allah ya sa aka samu. Ni na yanki tikiti. An rubuta tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana, awa uku kenan? Amma dawowa tashi 7 na yamma sauka 7 na safe, awa 12! Wanne ne gaskiya? Mama tana da ciwon suga, kuma akwai jirgi na biyu zuwa Atlanta ƙarfe 3.

Baban Yara: Ƙanwata ba ko ɗaya. Landan ta riga New York da awa 5, kuma agogon garin da aka sauka ake rubutawa a tikiti. Tazarar wajen kilomita 5,570 ce, zuwa kusan awa 8, dawowa kusan 7, saboda akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgi in zai dawo. Lissafa ki gani. Abin da ya fi damuna jirgin ƙarfe 3 ɗin nan, tikiti ɗaya ne?

Mai tambaya: A'a daban na saya, ya fi sauƙi sosai. A JFK za ta sauka, na biyun daga LaGuardia, duka a New York suke.

Baban Yara: Subhanallahi. Ai filin jirgi biyu ne daban, sai an shiga mota. Duk mai shiga Amurka daga Landan a inda ya fara sauka yake bin layin shige da fice, ya ɗauki akwatinsa, sannan ya sake awon kaya. Dattijuwa ita kaɗai a awa biyu? Ba zai yiwu ba, ki canza yau.

Uwar Biyu: Ni ma haka wani kamfani ya yi min, jirginsu ya makara, na biyun ya tafi, suka ce ba ruwansu tunda ba a wajensu na saya ba, a kan kujera na kwana da goyo, har yau kuɗina shiru.

Ɗan Hanya: Kar a tsorata ta mana. Ki nema mata keken guragu, masu turawa suna wuce layi da sauri. Maganin kuma ya zauna a jakar hannu, ta tambayi likitanta yadda za ta sha tunda agogo zai canza.

Baban Yara: Keken zai tsallake mata cunkoson titi ne Malam?

Mai tambaya: Yaya ni fa ba sakaci na yi ba, ƙanwata ce ta ce garin ɗaya ne, kuma tikitin ba a mayar da kuɗi. Mama ma tana da ƙarfinta, ba za ta yarda da keke ba.

Uwar Biyu: To mijin ya zo ya tarbe ta mana.

Mai tambaya: Ba zai samu hutu ba. In jirgin ya sauka da wuri fa, ba za ta iya kamawa ba?