Hilux mai injin 3L ba ta tashi da safe sai an danna famfon filta

Sani Rigasa:
Assalamu alaikum iyayen gida. Tsohuwar Hilux ce mai shan gas, injin 3L. In ta kwana ba ta tashi sai an danna famfon kan filta ya yi tauri, amma da ta tashi lafiya lau har dare. Ko ɗigon gas babu a ƙasa. Injekta ce ta mutu?

Oga Bala Panteka:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kar ka taɓa injekta tukuna, iska motar take sha. Daga tanki zuwa injekta, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul masu fesa shi cikin inji, zuƙo mai ake yi, ba turawa ba, shi ya sa ƙaramar kafa take jan iska ciki amma ba ta zubar da mai. Da dare iskar ta shiga, gas ya koma tanki.

Sayi farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, mai milimita 8, ka sa shi tsakanin filta da injekta, ka tayar. In ka ga kumfa na wucewa, matsalar tana baya, daga filta zuwa tanki. Sai ka ɗauki jarka mai lita 5 da gas mai tsabta, ka ba filta kai tsaye. Tiyon da ke mayar da rarar mai tanki shi ma ka jefa shi cikin jarkar, in ba haka ba nan da nan za ta ƙare. Kumfa ya tsaya? To bi layin tanki: bututun da ya yi tsatsa, tiyon da ya tsage, kilif da ya saki. Bai tsaya ba, kan filtar ne. Robar cikin famfon hannun nan tana bushewa ta tsage, kuma canja kan gaba ɗaya ya fi faci.

Malam Isiyaku Kakuri:
Oga Bala ya gama magana. Ƙari kawai: a duba robar abin gane ruwa da ke gindin filta, da siririn tiyon mayar da mai daga nozul. Washa ta jan ƙarfe kuma in an kwance ta, sabuwa ake sawa, tsohuwa ba ta sake kamawa da kyau.

Haruna Mando:
Bayan gyara, danna famfo har ya yi tauri. In ta ƙi tashi, sassauta notin bututun nozul biyu da sifana 17, a buga kik daƙiƙa 10, a huta minti ɗaya saboda sitata. Gas ya fito ba kumfa, ɗaure. Don Allah kar a sa hannu kusa da wurin ana bugawa, ƙarfin feshin yana iya huda fata.