Ƙanena na Beljik wai aikin zagayawa da baƙi mashayun dare yake, ku taimaka min da bayani

Yaya_Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah waɗanda sunka zauna Turai ko sunka san kan abun ku ba ni haske, na ɓoye sunana da gangan. Ina da ƙane yana karatu a Buruksel, bursin da yake samu bai isa ko kuɗin haya balle ci, shi ya sa tun da ya tahi yake ƴan aikace-aikace, wani lokaci har shi aiko ma Inna ɗan abun cefane. Kwanaki ya ce min ya samu bulo na gid, yana zagayawa da ƴan yawon buɗe ido, ni kuwa na ɗauka irin su nuna masu gine-gine da gumaka ne. To jiya wani ɗan kawunmu ya turo min hoto ta WhatsApp da ya ciro daga Instagram, ga ƙanen nawa tsaye gaban wata mashaya da dare riƙe da ƴar tuta mai launin bakan gizo, mutane bayanshi maza da mata kowa da kofi a hannu, ƙasan hoton an rubuta da Faransanci wai zagayen mashayun unguwar masu neman jinsi tare da gid. Wallahi ban runtsa ba. Mi ake yi cikin wannan zagayen? Duk wanda ke aikin nasu ne? Kuma in gaya ma kawu ko in yi shiru, don Baba ya rasu shi ne babba yanzu, Inna kuma hawan jini gareta ba ta ɗaukar irin wagga magana.

DanGulbi_Liyej:

Wa alaikumussalam Yaya, ki kwantar da hankalinki tukun. Ni na zauna Beljik, Liyej nike amma Buruksel kamar gida ce gareni, abun da kika gani na san shi sarai kuma ba Buruksel kaɗai ake yin shi ba, duk babban birnin Turai da baƙi ke zuwa akwai shi, wani na mashayun kowa da kowa ne wani kuma na unguwar su masu neman jinsin.

Ga yadda yake tahiya. Kamfani ko wani mutum guda yana sa talla a intanet, baƙo shi biya ta salula, waɗanda na gani kamar yuro 15 zuwa 25 ne, in kin lissafa yuro guda sefa 656 ne, ke nan jika goma zuwa sha shida. A ce masu ku haɗu wuri kaza ƙarfe tara na dare, gid shi zo da tuta ko lema don a gane shi cikin cunkoso, shi ɗaura ma kowa ɗan zare na takarda a wuyan hannu, daga nan a kama hanya a ƙasa. Mashaya huɗu ko biyar, kowace a zauna kamar minti arba'in, ana shiga a ba kowa ɗan ƙaramin kofi kyauta sauran ka saya da kuɗinka, ta ƙarshe galibi gidan rawa ce inda zaren nan ke sa a bar su su shige ba su bi layi ba. Masu mashaya suna so don ana kawo masu mutum ashirin lokaci guda a daren da babu ciniki, shi ya sa suke yarda da kyautar kofin farko.

Shi kuma gid aikinshi kiwo ne ba wani abu ba, kamar mai kora awaki zuwa kasuwar dabbobi, yana ƙirga kai a ƙofar kowace mashaya, wannan ya shige ban ɗaki ya daɗe, waccan ta bar jikkarta, wancan ya bugu yana son faɗa da mai tsaron ƙofa, a nemo ma wani taksi. Kamfanoni da yawa ma ba su yarda gid shi sha, don in ya bugu wa zai kai mutane? Albashin kaɗan ne, abun da ake samu na gaske shi ne ɗan ihisanin da baƙi ke miƙawa a ƙarshe. Kuma suna neman mai harsuna, yaronmu da ke jin Faransanci da Ingilishi nan da nan za su ɗauke shi.

Wurin da nike zaton an ɗauki hoton shi ne titin Marché au Charbon, ƴan mintoci ne a ƙasa daga Grand-Place, babban dandalin Buruksel, tsakiyar gari ƙwarai ba wani lungu ba, da rana za ki wuce ki ga shaguna da gidajen abinci ba ki ma lura da komi ba sai tutocin. Da dare lokacin zafi mutane har kan titi suke tsayawa. Abun da ke sa baƙo shi biya gid kuwa, bai san wace ƙofa ce tashi ba, wata mashayar tsofaffi ce masu hira, wata ta mata ce, wata ana wasan maza masu shigar mata suna rawa da kwaikwayon waƙa, ga shi mutum guda a garin da bai sani ba yana tsoron ƴan sane ko masu tare su a hanya su buge su, don hakan na faruwa ko can.

Maganar ko duk mai aikin nasu ne, Yaya gaskiya hoto bai faɗin wannan. Na san waɗanda ke aiki a irin wuraren nan kuɗi kawai ya kai su, na san kuma waɗanda nan ne wurinsu. Shi kaɗai ke iya ba ki amsa, in ya ga dama.

Malam_Limanci:

Ƴar uwa Allah Ya ba ki lada da kika tsaya tambaya ba ki kai ƙara ba. Ni abun da na sani na addini zan faɗa. Ko da an cire maganar luwaɗi da maɗigo gefe, wanda hukuncinsu a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, ita giyar kaɗai ta isa, domin hadisi ya zo da la'anta a kan mutum goma game da ita, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai cin kuɗinta, to wanda aikinsa shi ne raka mutane daga wannan mashaya zuwa waccan ban ga ta inda zai kuɓuta ba. Ki ba shi shawara ya nemi wani aiki ko da wankin kwanoni ne.

Amma kuma addinin nan da ya hana wannan shi ya hana bin diddigin mutane da mummunan zato, yana nan cikin suratul Hujurat, kuma an ce wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa. Ba ki ga ya yi komai ba sai riƙe tuta. Shi ɗan kawun naku da ke yawo da hoton ya ji tsoron Allah. Kada ki kai wa kawu yanzu, magana in ta fita daga baki ba ta komawa.

Sani_Mokoyo:

Kai jama'a wane irin lallashi ne wannan, a ce mashi shi tattaro kayanshi shi dawo gida kawai, karatun da zai kai mutum nan ba karatu ba ne. Ni da ƙanena ne yau kawu zai ji.

Hajiya_Zariya2:

Sani shi dawo shi yi mi, ka tanadar mashi aiki ne? Kuma in kawu ya ji, matan kawu sun ji, gobe unguwar Bagalam duka ta ji, jibi ana faɗi a babbar kasuwa, kai ka san garin nan. Yaron da bai ma buɗe baki ya yi bayani ba an gama da sunanshi da na ƴan uwanshi mata da ba su yi aure ba.

Yaya ni malamar lakwal ce, na ɗan yi karance-karance kan abun, bari in ƙara kan na Ɗan Gulbi don ki gane mi ya sa mashaya ke da girma haka wurin mutanen nan har ake biyan kuɗi a zagaya su. Da can ko a Turai da Amurka kama su ake, a kore su daga aiki, to mashaya ce kaɗai inda suke haɗuwa, ita ma ƴan sanda na kai samame. A watan Yuni na 1969 anka kai irin wannan samamen wata mashaya mai suna Stonewall Inn a New York, mutanen ciki sunka ƙi, anka yi kwanaki ana arangama, daga nan ne jerin gwanon da suke yi kowace shekara ya samo asali, har Obama ya maida wurin abun tarihi na ƙasa a 2016. Tutar da kika gani a hannunshi wani Gilbert Baker ya ƙirƙiro ta a San Francisco a 1978. A Amsterdam akwai wata ƴar mashaya da wata mata Bet van Beeren ta buɗe tun 1927. A Landan kuma unguwar Soho anka sa bam a mashayar Admiral Duncan a 1999 mutum uku sunka mutu, a Orlando ta Amurka 2016 wani ya harbe mutum 49 a gidan rawa. To wani zagayen rabinshi irin wannan labarin ne gid ke ba baƙi a bakin ƙofa, wani kuma shaye-shaye ne zalla da hayaniya, ya danganta da kamfanin. Kowane birni da unguwarshi, Pari suna da Marais, Madrid Chueca, Barlin Schöneberg. Beljik kuwa ita ce ƙasa ta biyu a duniya da ta halatta auren jinsi a 2003, bayan Holan a 2001, saboda haka can ba aikin ɓoye ba ne, da kwantiragi da haraji kamar kowane aiki, shi ya sa ƙila shi bai ma ga abun tsoro ba da anka ɗauki hoton.

Kuma mu daina yi kamar abun nan daga wata duniya ya faɗo, mu nan Maradi wa bai taɓa sayen tuwo ko soyayyen nama hannun ƴan daudu a tasha ba, wa bai gan su wurin biki ko wasan bori ba tun muna yara? Ban ce abu guda ne da na Turai ba, ba ɗaya ba ne, amma iyayenmu sun zauna da su ba a kashe kowa ba. Abun da ya canza zamani ne. Waɗanda sunka girma sun tuna 2000 lokacin rikicin FIMA, bikin nuna tufafin yayi na Afirka da anka yi a Yamai, yadda anka bi mashayu da gidajen mata a garin nan anka farfasa anka ƙona. Ga Najeriya nan kusa, dokar da Jonathan ya sa ma hannu a 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 ga mai buɗe ko shiga kulob ɗinsu, ga Hisba a Kano. Yaranmu da yawa in za su zo hutu Kano suke sauka su biyo Katsina da Jibiya su shigo ta Dan Isa. Ni abun da ya fi tada min hankali ke nan, hoton nan yana yawo cikin wayoyi da fuskarshi a fili. Ko ya ci gaba da aikin ko ya bari, ki ce mashi shi sa a cire hoton daga shafin kamfanin yau, can suna da dokar da ta ba mutum damar neman a cire hotonshi.

In za ki kira shi kuma kada ki fara da kuka da Allah ya isa, zai kashe waya ne ki rasa shi gaba ɗaya. Ki tambaye shi kuɗin haya nawa ne, nawa ke shigo mashi, ki bar shi shi yi magana. In ya faɗa maki abun da ba ki so ji ba, ƙanenki ne dai, ciki guda.

Sani_Mokoyo:

Hajiya ni dai ban yarda ba amma maganar hoton gaskiya ce, a goge shi.

Yaya_Bagalam:

Na gode ƙwarai Allah Shi saka. Na kira ɗan kawun namu na roƙe shi shi goge, ya rantse bai tura ma kowa ba sai wani abokinshi guda, to Allah Shi sa. Shi kuma na tura mashi saƙo na ce ina son mu yi magana mu biyu ran Lahadi in ya tashi barci, ya amsa da to Yaya kawai, ina jin ya gane. Ɗan Gulbi in ya ce zai bari, wane aiki ɗalibi ke iya samu can da zai riƙe shi? Don in na ce mashi bari ba tare da na nuna mashi wata hanya ba na san abun da zai ce min.

DanGulbi_Liyej:

Akwai Yaya, sai dai duk da wahala. Ɗalibin da ba ɗan Turai ba doka ta ba shi awa 20 a sati lokacin karatu, lokacin hutu yana iya fin haka. Yawancin yaranmu wankin kwanoni suke a gidajen abinci, ko jera kaya a manyan kantuna da asuba, ko kai abinci gida-gida bisa keke, wannan na ƙarshen cikin sanyi da ruwan Beljik ba wasa ba ne. Amma tunda ya riga ya iya riƙe baƙi ga harsuna biyu, shi nemi zagayen rana, akwai masu kai mutane Grand-Place da gunkin yaron nan mai fitsari da shagunan cakulan, su ma da ihisanin baƙi suke rayuwa kuma ba a kai ƙarfe uku na dare ana jiran bas. Matsalar kawai sa'o'in suna iya cin karo da darasi, ina zaton shi ya sa ma ya zaɓi na dare tun farko, ki tambaye shi wannan ma ran Lahadin.