Wane suna za mu raɗa wa ʻauwai da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakon masana harshe da manoman rani. Mutanen Hawai na da abin da suke kira ʻauwai. Hanya ce da ake haƙawa daga rafi, a jera duwatsu a bakinta su ɗan tare ruwa, sai wani kaso ya karkato ya bi ta gonakin kalo, wato gwaza. Gonakin hawa-hawa suke a gangaren kwari, ruwan na cika na sama ya zubo na ƙasa, a ƙarshe ya koma rafin da aka ɗebo shi. A al'adarsu ba a yarda datsi ya kwashe fiye da rabin ruwan rafi ba, kuma wanda bai fito aikin yasar hanyar ba yana iya rasa rabonsa.

Kwata da lambatu dai na cire su, don ruwan datti suke fitarwa. Magudanar ruwa ta yi faɗi, har ta bakin titi sunanta ke nan. Wasu sun ce a bar shi kanal kawai, kamar yadda ake faɗi a Kadawa. Amma kana cewa kanal, Bahaushe siminti zai hango da ƙofar ƙarfe da ma'aikacin gwamnati.

Wata baiwar Allah ta kawo "ƙoramar aro", tunda aron ruwan ake yi a mayar. Ta burge ni, sai dai wanda bai san labarin ba zai yi ta lalube. Ni na fi karkata ga "ƙoramar ban-ruwa": mai jigo da mai injin ban-ruwa duk za su gane nan take. Gonar kuwa, da suke kira loʻi, "fangalin gwaza" ya wadatar.

Ginin ne ya fi ba ni wahala. Yawancin katangunsu dutse ne a kan dutse, ba laka, ba sassaƙa, don haka "jeren dutse" ya dace. To amma akwai wata ʻauwai mai suna Kīkīaola a Waimea, tsibirin Kauaʻi, wadda matuƙin jirgin ruwan Birtaniya George Vancouver ya yi bayaninta a 1792. Ita duwatsunta sassaƙaƙƙu ne, an daidaita su sun zauna daram, har tatsuniyarsu ke cewa gajerun mutanen nan, Menehune, suka gina ta cikin dare ɗaya. Magina, me kuke kiran irin wannan aiki? "Ginin sassaƙe" zai shiga kunne?